Biro Nawa Kake Gani?

"Biro nawa kake gani?" in ji likita.

Biyu yake gani. Ɗaya a hannun likitan, ɗayan kuma a sama kaɗan ta dama, a karkace, a hannun wani likitan da ya fi na farko dushewa. Shekara talatin da huɗu ya yi yana duba rubutu a maɗaba'a, har abokan aiki suka manta sunansa suka koma kiransa Jan Biro. Bai taɓa barin kalma ta maimaitu a shafi ba. Yau ga duniya gaba ɗaya an buga ta sau biyu, kuma babu wanda zai mayar wa aikin.

"Ɗaya," ya ce.

A bayansa 'yarsa ta gyara zama. Saboda ita ya yi ƙaryar. Tun ranar da tantanin da ke can bayan idonsa na dama ya ɓare aka yi masa aiki, take maganar ya bar ɗakinsa na saman bene ya koma gidanta. Ita ta yi jinyarsa kwana goman da likita ya sa shi kwanciya rub da ciki, kuma ba ta yi wasa da damar ba, don mutumin da fuskarsa ke cikin matashi ba ya iya gardama. A ƙarshe suka tsaya a kan sharaɗi: in ido ya daidaita ya zauna, in bai daidaita ba ya tattara.

"Madalla," likita ya ce yana rubutu. "Wasu sukan ɗauki makonni suna gani bibbiyu bayan irin wannan aikin. Da haka ne, da mun bincika, mun rufe maka gilashi ɗaya na tabarau kafin abin ya lafa. Amma kai ka huta."

"Na huta," in ji Jan Biro. Yana zaune maganin ya wuce ta gabansa kamar motar da ba ta tsaya ba.

Matakalar benen goma sha bakwai ce. Matarsa ce ke ƙirga su, da ƙarfi, kullum, a shekararta ta ƙarshe, shi kuma yana yi mata tsiya. Yanzu ya hau yana ƙirgawa a zuci, 'yar tana biye da shi. A bakin ƙofa akwatin da ta kawo da safe yana jira, babu komai a ciki.

"Ɗakin da na gyara maka tagarsa babba ce, Baba. Yara har sun kwashe tarkacensu."

"Littattafan fa?"

Ta dubi bangon da suka cika tun daga ƙasa har rufi. "Ka zaɓi ashirin."

"Cikin yaranki wanne za ki zaɓa?"

"Haba Baba. Littafi ai ba ɗa ba ne."

"Gaskiyarki. Littafi ba ya zuwa wa mutum da akwati."

Ba ta yi dariya ba. Ta shiga kicin, ya ji tana ɗora ruwa. Da ta fito sai ta ajiye butar shayi a gabansa, ta ɗauko kofin mahaifiyarta mai tsagaggen hannu, wanda ba a taɓa shi ba shekara uku, ta dire shi a tsakiyar tebur. Ta ja kujera ta zauna tana fuskantarsa.

"Likita ya yarda da kai, don bai san ka ba. Zuba min da hannunka."

Da shi kaɗai ne, da ya runtse ido ɗaya, kofin ya koma ɗaya. Haka yake yi tun da aka cire masa bandeji. Amma ta kafe shi da ido, ita da ta biyunta, kuma dukansu sun gado irin kallon uwarsu.

Abu na farko da yake koya wa sabon ma'aikaci a maɗaba'a shi ne kada ya yarda da idonsa. Ido yana ganin abin da yake so ne. Yatsa ke fara tafiya a ƙarƙashin layi, ido ya biyo baya. Sai ya ɗora yatsan hagu a kan tebur, ya ja shi a hankali kamar mai share ƙura. Yatsan ya ratsa ta cikin kofi na farko bai ji komai ba. Ya ci gaba har farcensa ya taɓa tangaran. Ya kawo bakin butar, ya ji ta ce ƙyal a gefen kofin, ya karkata ta. Da kunne ya auna cikarsa. Ko ɗigo bai zuba a tebur ba.

Ta daɗe tana kallon yatsan nasa, wanda har yanzu ke jingine da kofin.

"Ba ka zubar ba," ta ce.

"Ban saba ba."

"Baba, in tambaye ka tsakani da Allah. Gidana ne ba ka so, ko ni?"

Yana da amsa. Kujerar da ke bakin taga har yanzu da lotsawar zaman matarsa, kuma in ya tafi wani zai zauna a kai, ko a fitar da ita waje. Ya juya maganar a ransa, ya ga ta yi tsawo, ya soke ta.

"Shayinki zai huce," ya ce.

Ta shanye a tsaye. Ta wanke kofin, ta mayar da shi inda yake, ta jera masa magungunan ɗigawa a gefen gado, ta ɗauki akwatin.

"Zan riƙa kira. In ka faɗi a matakalar nan, ka tuna ɗaya ka ce."

Ya ji saukarta, goma sha bakwai cif. Ya lallaba zuwa taga, ya dafa bayan kujerar, bai zauna ba. Ɗakinsa ne, littattafansa ne, ya ci nasara.

'Ya ɗaya Allah ya ba shi. A titi ya ga biyu suna tafiya, kowacce da akwatinta mara nauyi. Ya ƙi runtse idon, ya tsaya yana jiran ko ɗaya daga cikinsu za ta waiwayo, har suka sha kwana.