Gadon Jego a Motar Aƙilu

Motar da Aƙilu yake tuƙawa a Buza gawa biyu ce aka haɗa, aka tada mai rai ɗaya. Gangar jikin ta wata tsohuwar motar kumandan ce, wato Baturen mulki, mai rufi da kujerar baya, wadda injinta ya mutu tun kafin yaƙin Turawa. Injin kuwa na wani kamiyo ne, babbar motar kaya, da ya kife a gangaren dutse. Da aka rufe iyakar Ingilishi, ko ƙusa ta daina shigowa daga Kano, sai ubangidansa mai sayen fatu ya ce masa ya san yadda zai yi. Aƙilu ya san yadda ya yi. Sai dai injin ya fi ƙarfin gidan da aka sa shi. Radiyater ɗin motar, wato saƙar ƙarfen nan ta gaba mai huce ruwan inji, ƙarama ce, don haka motar take shan ruwa kamar raƙumin da ya dawo daga Azbin. Ba ya tada ta sai da cikakkiyar garwa a baya.

A tsakiyar sanyin shekarar nan matarsa Zahra ta haihu, haihuwar fari, a gidan uwarta Biba. Yaro ya zo lafiya. Ita ce dai ba ta tashi ba. Kafin ranar suna zazzaɓi ya rufe ta, mararta ta ɗaure, ta fara kiran ƙawayenta na ƙuruciya waɗanda suka daɗe da barin gari. Aƙilu ya taɓa kai wani lokotoro, wato likita, rangadi, ya ga irin wannan zazzaɓi, ya kuma ga inda yake kai mata. Magani, in akwai shi, yana Madawa.

Tun da ya auri Zahra bai taɓa kallon fuskar Biba ba, ita ma ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce mai mota. Ya cire takalmi, ya durƙusa a bayan zana, ya yi magana da ƙasa.

"Inna, a yi haƙuri a ba ni ita in kai ta Madawa. Wanga zahin jiki ba na jego ba na."

"Ba ta hita," in ji Biba daga ciki. "Macce mai jego, cikin wanga sanyi? In sanyi ya shige ta, wane lokotoro ka hidda shi? Nan ga gado da wuta ƙarƙashi nai, ga ruwan zahi sahe da marece. Can mi ag gare ku? Ƙarhe da iska."

Kada a yi saurin ganin laifin tsohuwa. Ta yi wa rabin matan unguwa wankan jego, kuma ƙanwarta ta ciki ɗaya ta mutu da ɗanyen goyo a shekarar da aka rasa itace. A wurinta sanyi ne ya kashe ta, ba kuma a haifi wanda zai canja mata ra'ayi ba.

"In an samu gadon wuta cikin motar hwa, Inna?"

Ta ce, "A samu in gani."

Ya tashi yana jin kamar ya fasa ihu. Bai san abin da ya sa ya faɗi haka ba. Garwashi a cikin mota mai esansi, wato man fetur, ai kisan kai ne. Yana tsaye gaban motar, ya dafa hancinta, sai ya tuna irin ƙunar da take yi masa a tafin hannu kullum in sun sha tafiya. Zafi dai ga shi nan, har ya yi yawa, kullum faman zubar da shi yake yi. Abin da ya rage a kai shi baya.

Radiyater ɗin kamiyon da ya kife tana nan jingine a zaure, rabinta a murƙushe. Ya ɗauke ta a ka ya kai wa Kalla maƙeri. Suka yanke lafiyayyen rabin, Kalla ya toshe bakin yankan da dalma, yana yi yana gunaguni cewa shi garma ya gada ba aikin Nasara ba. Aƙilu ya ɗaga kujerar baya ya kwantar da rabin radiyater ɗin a ƙarƙashi, ya huda katakon ƙasa da jan ƙarfe. Tiyo babu. Ya bi gawar kamiyon yana zare duk wani bututun tagulla da ya rage, ya haɗa su baki da baki, ya naɗe kowane mahaɗi da robar cikin taya, ya ɗaure da ɗanyar fata, wadda in ta bushe take matsewa. Bututu ɗaya ya ɗauko ruwa daga kan inji inda ya fi zafi, ɗayan ya mayar da shi bakin famfon da ke tura ruwa. Tsohon injin motar ba shi da irin wannan famfo, na kamiyon ne yake da shi, kuma ranar ce ta farko da Aƙilu ya gode wa Allah da kifewar kamiyon.

Yana aiki yana jiyo nishin Zahra ta kan katanga. Duk sa'ad da nishin ya tsaya, hannunsa ma sai ya tsaya.

Da rana ta karkata ya murza hannun tada mota, inji ya kama, ya bar shi ya yi zafi, ya aika a kira Inna. Ta zo lulluɓe, ya kawar da kai. Ta sa hannu a kan kujera, ta sa a ƙarƙashi. Sanyi ƙalau. Ta juya ta koma gida, kuma da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

Ya shige ƙarƙashin motar yana bin bututun da yatsa, hawaye na gangara masa cikin kunne. Zafi, zafi, zafi, sai a bakin kujera ya yanke. Iska ce ta maƙale a ciki ta tare wa ruwa hanya. Ya je ya kwance robine daga jikin gangar esansi, wani ɗan makunnin tagulla, Kalla ya liƙa shi a kusurwar sama. Aka sake tada inji, aka sake kiran tsohuwa. Aƙilu ya murɗa robinen. Ya yi huci, ya yi tofi, sannan ruwa ya tsinke yana tururi. Biba ta miƙa yatsa cikin ruwan, ta janye da sauri, ta daɗe tana kallon yatsan. Kujerar ma ta ɗauki ɗumi, amma da ƙyar Biba ta taɓa ta.

"Gobe da sahe," in ji ta.

Ya so ya ce, Inna, kada a taɓa robinen nan. Maganar ta zo har bakinsa. To, amma wa ya taɓa kafa wa surukarsa doka? Ya haɗiye ta, ya ce Allah ya kai mu.

Gari na wayewa aka naɗo Zahra a bargo aka kwantar da ita a baya. Jaririn aka bar wa yayarta mai shayarwa. Aƙilu ya yi zaton za a yi rigima kan wankan safe, don ya ce ba lokacin jiran tukunya, amma Biba ba ta musa ba. Ta shiga da ƙullin zannuwa da ƙwarya da goran ruwan sha, ta ɗora kan ɗiyarta a cinya.

Suka gangara daga Buza. Waje sanyi yana yanka kunne, cikin mota kuwa kamar ɗakin da aka kwana da wuta. Makyarkyatar Zahra ta lafa, har barci ya ɗauke ta. Aƙilu ya ji wani daɗi ya taso masa wanda ya ba shi tsoro, ya yi ta salati don ya danne shi.

Da hantsi suka iso wata faffaɗar ƙorama busasshiya, yashi har gwiwa. Ya kashe inji, ya ɗauki gatari, ya ce a yi masa haƙuri zai je ya saro rassa ya shimfiɗa wa taya. Itatuwan suna can ƙetare. Ya sara, ya ja, ya shimfiɗa, ya koma ya ƙaro.

Da ya dawo sai ya tarar an rataye zannuwa an rufe tagogin motar. Ya ja da baya, ya juya ƙeya. Uwa tana gyara ɗiyarta, ba wurin tsayuwar suruki ba ne. Yana tsaye sai ya ji fyaɗar ganye a kan fata, fat, fat, da ƙanshin dafaffiyar sabara. Ya waiga kaɗan. Tururi ne yake fita ta saman zane. Ina aka sami ruwan zafi a dajin nan ba tare da wuta ba?

Sai ya tuna robinen.

"Inna," ya ce. "Inna, don Allah a rufe."

"A dakata, mun kusa."

"Inna, ruwan injin mota na!"

"An ce a dakata."

Taku kaɗan ne tsakaninsa da zanen. Da ya fizge shi ya murɗe robinen, da an tsira da wani abu. Amma a bayan zanen matarsa ce tsirara a hannun uwarta, kuma ƙafarsa ta ƙi ɗaguwa. Ya tsaya yana murza hannu yana jin ruwa yana zuba a ƙwarya, har ƙarar ta koma ɗiga.

Biba ta yaye zannuwan fuskarta a sake. "Ruwan nan naku da tsatsa shike, sai da nis sa na garwa nid ɗauraye ta. Amma ta samu wanka, alhamdu lillahi."

Garwar tana kwance a gefe, bakinta a ƙasa. Yashi ya shanye duka, sai tabo mai duhu a gindin mota. Aƙilu ya buɗe radiyater ya zura kara, kara ya fito a bushe. Bai yi mata faɗa ba, don bai san yadda ake yi ba. Ita ce ta ga busasshen karan a hannunsa, sai sakin fuskar nan ya gushe.

Ya sauka tsakiyar ƙorama ya yi ta tono, da gatari, da ƙwarya, da farce, har rami ya haɗiye kafaɗarsa. Yashi mai laima kawai ya samu. Rijiya mafi kusa tana bayan tudun da suka baro, kafin ya je ya dawo a ƙafa rana ta faɗi. Ya matse jiƙaƙƙun zannuwan cikin ƙwarya, ya ɗura. Sannan ya tuna robinen a sama yake, ruwan da ke ƙasa da shi bai fita ba. Ya roƙa a ɗaga Zahra, ya yanke ɗaurin fatar da wuƙa, ya ciro rabin radiyater ɗin da ya sha wahala a kansa, ya haɗe bututun biyu da juna, ya tuntsurar da abin da ke ciki a bakin inji. Gadon jego ya ƙare ke nan. Biba ta kwance mayafinta ta ƙara wa ɗiyarta, ta rungume ta.

Suka haye ƙoramar. Daga nan tafiya ta zama ta gurgu: a ɗan taɓa, inji ya fara ƙauri, a kashe a jira ya huce, a sake murzawa. Kowace tsayawa zazzaɓin Zahra ƙaruwa yake yi. Rana ta take tsaka, iska na shigowa ta hudar da ya yi wa bututu.

A kan tudu na ƙarshe, inda ake hango duhun itatuwan Madawa can ƙasa, inji ya fara ƙwanƙwasa kamar ana dukan ƙarfe a maƙera. Ya kashe. Ya san wannan sauti. In aka ƙara matsa masa a haka zai liƙe, ba mai sake tada shi. Ruwan da ya rage a duniyarsu shi ne na goran sha, bai kai rabi ba. Ya miƙa hannu baya ba tare da ya juya ba, Biba ta sa masa goran.

"Ruwa," in ji Zahra.

Ya juya. Idonta a buɗe yake, kuma shi take kallo, ta gane shi. Leɓenta ya tsattsage.

"Aƙilu, ruwa."

Ba ta taɓa kiran sunansa a gaban uwarta ba. Ya dubi goran. In ya ba ta, nan za su zauna har wani mai jaki ya biyo, in ya biyo. In ya raba biyu, bai ishi kowa ba. Ya dubi Biba, ido cikin ido, yana roƙon ta yanke masa, ita kuwa ta sunkuyar da kai.

"Yanzu muna isa," ya ce. "Ga Madawa can. Yanzu kina sha ki ƙoshi."

Ya fita ya juye goran a bakin inji har ɗigon ƙarshe. Ya murza, mota ta kama, ya sake ta a gangare. Bai ƙara waiwayawa ba.

Injin ya kai su har ƙofar gidan lokotoro, a nan ya liƙe. Aƙilu ya diro yana kiran a taimaka. Wani ma'aikaci mai farar riga ya fito da sauri, ya leƙa baya, ya ɗaga bargon, ya taɓa wuyanta. Ya daɗe bai ɗago ba. Sannan ya mayar da bargon a hankali, ya ja shi har ya rufe fuskar.

Biba tana zaune yadda take, kan ɗiyarta a cinya. Ta riga ta sani tun a hanya, ta yi shiru don kada ya tsaya. Aƙilu ya durƙusa a bakin ƙofar motar.

"Inna, bayan mun taso, ta ƙara tambaya?"

Tsohuwa ta dube shi. "A'a, ɗana. Kwana tay yi."

Ya gyaɗa kai, ya gode mata. Amma ƙarar inji ba ta kai ta toshe masa kunne ba. Ya ji ta a tsakiyar gangaren, ya ji sunansa, ya kuma san ƙafarsa ce ta ƙara danna mai.