Kabbara Uku a Bakin Rijiya

Ni ne Baba Kura mahaƙin rijiya, na Gwiwa. Daga Roni har Kanya Babba, in ka sha ruwan rijiyar da ba ta ƙafewa da bazara, tambaya ka ji, hannuna ne. Ban zauna a aji ba ko na yini ɗaya, amma ina duban ƙasa in faɗa maka gaba nawa za a yi a tarar da ruwa. Kuma duk ƙasar nan ni kaɗai aka yi wa sallar gawa na dawo na ci tuwon sadakata.

Agogon da ke hannuna 'yata Ummu Salma ce ta kawo mini tsaraba. Lamba dai ina ganewa. A ƙasan fuskarsa akwai 'yar taga, ciki da faifai mai zanen rana da wata, yana juyawa a hankali. Da safe ranar na leƙowa ta hagu, tsakar rana ta tsaya tsakiya, da la'asar ta karkata dama, daga nan wata ya karɓe ta. Nawa kuwa a juye yake, rana tsaka wata yake nuna mini, ban taɓa damuwa ba. Ranar da na kai wa Kyari mai gyaran agogo a kasuwar Kazaure ya sa mini batir, sai ya ce wanda ya fara saita shi ya bar shi baya da awa goma sha biyu. Ya kama murza ɗan kunnen da ke gefen agogon yana zagaya hannayen, ni kuwa ga motar Gwiwa na cika.

Na ce, "Kyari, sakar mini abina. Mai ido ne zai tambayi agogo ko rana ta fito?"

Ya ce, "Baba, kai da rabin rayuwarka a rami take?"

Bai ba ni ba sai da ya gama. Motar ta tashi ta bar ni, na zage shi son raina.

Bayan wata biyu Muhammadu Lawal, wani makiyayi da ya zauna noma tsakanin Gwiwa da Roni, ya kira mu mu ƙara wa rijiyarsa zurfi. Ni da Daudu abokin aikina muka je, shi a sama yana jan guga, ni a ƙasa. Ranar Talata da hantsi, ina gaba goma sha biyu, na ji yashi na zubo mini a wuya. Kafin in ja igiya rijiya ta rufta.

Wani ne da nan take ya tafi. Ni da na ji motsin sai na faɗa jikin bango. Zobban siminti biyu na jikin rijiyar suka jingina da juna suka bar mini wuri kamar akurkin kaji. Ƙafata ta hagu a danne, hannun dama ya karye. Abin da ya rage mini tocilar da ke ɗaure a goshina, da 'yar digata, da bututun ƙarfen da muke janye ruwa da shi, wanda ya lanƙwashe amma yana sauko mini da 'yar iska. Wayata tana sama a aljihun riga.

Na bugi bututun nan da diga har na gaji. Ba wanda ya ji. Ta cikinsa ina jin gurnanin inji da sarar shebur da hayaniyar mutane, kowa na ba da umarni. Kuma duk bugu ɗaya sai yashi ya ƙara zubowa. Da ya kawo mini ƙugu na daina. Na lissafa, in na sake bugu ashirin ya kai ƙirji.

A nan ne na nuna ni tsohon hannu ne. Sau biyu na tsaya a bakin rijiyar da ta rufta da mutum, ɗaya ma a Roni ni na ce a dakata. Na san yadda ake yi. Za a haƙa yini da kwana, yashi na komawa. In aka ga zai ci masu ceto, sai mai unguwa ya tsayar. Kashegari bayan la'asar liman ya jera sahu a bakin ramin, a yi wa mutum salla, rijiyar ta zama kabarinsa. Sallar gawa kuwa ba ruku'u, ba karatu a bayyane. Mutum ɗari na tsaye kusa da bututuna, kowa bakinsa a rufe. Ban da wannan lokacin ba ni da wani da za a ji buguna.

Sai dai zafi ya ci ƙarfina, na suma.

Da na farka, shiru. Ba inji, ba shebur. Tocila ta yi ja, na kara ta a agogo: huɗu da kwata. To huɗun wane lokaci? In na asuba ne, kowa ya tafi ya kwanta, in buga in binne kaina a banza. In na yamma ne, yanzu haka suna ɗaura niyya, in na yi jinkiri su shafa fatiha su watse. Ban san ko awa biyar na yi a sume ba ko ashirin.

Na goge 'yar tagar da haɓata. Rana ce, ta karkata dama.

Na yi bisimilla, na ɗauki diga da hagu. Uku, in tsaya. Uku, in tsaya. Irin bugun da nake yi wa Daudu in ina son ya ja guga. Yashi ya haye cikina, ya kama haƙarƙari. Ina kan bugu na goma sha takwas na ji an bugo daga sama, uku.

Daga baya aka ba ni labari. Daudu na ƙarshen sahu, ƙafarsa kusa da bututun. Malam Jalaluddeen liman ya yi kabbara ta uku kenan Daudu ya saki hannu ya durƙusa ya kara kunne. Wani dattijo ya daka masa tsawa a kan ya ɓata salla, shi kuwa ya ce wannan bugun shekara talatin yana jin sa, gawa ba ta iya shi ba. Suka sake dabara, suka haƙo ta gefe suna tokarewa da itace. Da hantsin Alhamis suka zaro ni. Matata Tasalla har ta shiga takaba, an ɗora tukwanen sadaka. Na ce kada a sauke, a zubo mini da man shanu.

Da ƙafa ta warke na je Kazaure da sandata. Kyari na hango ni ya fara dariya, wai a ba shi tukuicinsa. Na ajiye masa zabi biyu, na ce agogonsa ya yi ƙoƙari, amma ya sani ko an ɗaura wa wani irinsa goma, in ba shi da kai irin nawa, a ramin zai kwana. Ya ce ya ji, motar Gwiwa fa, har yanzu ina jin haushinta? Na ce wannan maganar daban ce.

Malam Jalaluddeen kuwa duk inda muka haɗu sai na tuna masa kabbara uku ya yi mini, in ranar ta zo ɗaya ta rage, kada ya wahalar da jama'a. Shi kuma ya ce a'a, Baba Kura, daga farko za a sake, kuma wannan karon sai ya cire mini agogon tukuna.