Kwamfutar da Yaya Ma'aruf Ya Musanya

Raihana ta daɗe tana bincike kafin ta sayi kwamfutarta. Tsohuwar kwamfuta ce, baƙa, mai nauyi, amma da gangan ta zaɓe ta, domin kayan cikinta duk suna jituwa da Linux, manhajar da take aiki da ita. Da hannunta ta kwance ta, ta ƙara mata ƙwaƙwalwa, ta sauya katin wayafai na shiga intanet.

Ranar da ta dawo daga biki a Sandamu, sai ta tarar da wata siririyar kwamfuta mai sheƙi a kan gadonta. Yayanta Ma'aruf, mai shagon waya a kasuwar Daura, yana tsaye yana murmushi.

"Na musanya miki waccan akwalar," in ji shi. "Kunya take ba ni. Wani ɗan Zango ya ɗauka."

"Yaya, aikina da ke ciki fa?"

"Ai an goge. Wannan ta fi ta komai."

Ta ɗora wa sabuwar kwamfutar Linux. Wayafai ya ƙi kamawa, sauti babu, in ta rufe murfin kuma ba ta sake farkawa. Ta kifa ta za ta kwance, ta ga an liƙe komai, ko noti ɗaya babu.

Iya, mahaifiyarsu, ta leƙo. "Ke, har yanzu ba ki yi wa yayanki godiya ba?"

Raihana ta fita tsakar gida ta durƙusa a gaban Ma'aruf. "Na gode, Yaya. Allah ya ƙara buɗi."

Ya ce ba komai, ai ƙanwarsa ce.