Lambar da ke hannun Yaya Babba

Kwana huɗu ke nan da saukarsu a wata ƙasa da ake magana da Fotugis, wayar Auta ba ta da maraba da madubi. Layinta ya mutu tun a filin jirgi. Ta baro mahaifinta a gadon asibiti, an ce ranar Talata za a yi masa aiki a ƙafa, ga shi yau Laraba, ko tarinsa ba ta ji ba.

Yayar mijinta ce ta taho da ita bajekolin tufafi, don ta ƙarasa riguna tara. Kowa Yaya Babba yake ce mata, kuma ta riƙe girman nan da hannu bibbiyu. Ita kaɗai ta karɓi lambar intanet ɗin otal.

"Yaya, don Allah ki saka mini lambar, in ji lafiyar Baba."

"Waya ɗaya suke yarda a saka wa lambar a kowane ɗaki. Na ce miki yana samun sauƙi, ko ƙarya zan yi miki? Ɗinki kika zo yi, ba hira ba."

Alhali ita wuni take tana dariya da ƙawayenta a bidiyo. Auta ta tsani dariyar nan har cikin ranta.

A aljihun tebur ta tsinci wata ƴar takarda ta baƙi, Fotugis a hagu, Turanci a dama. Turancinta na sakandare ya cece ta. Tana jera duwatsu a wuyan riga, fil a bakinta, tana ta nanatawa ƙasa-ƙasa: "Tem wi-fi aqui? Qual é a senha?" Wato akwai intanet a nan, mece ce lambar.

"Wane surkulle kike yi?" in ji Yaya Babba.

"Ƙirga nake yi."

Da Yaya ta shiga wanka, Auta ta sulale ƙasa, ƙafa ba takalmi. Ta zazzage wa mai karɓar baƙi jimlolinta biyu. Matar ta yi murmushi, ta kwararo amsa kamar an buɗe famfo. Ko harafi ɗaya Auta ba ta kama ba. Ta hau sama tana cizon leɓe, ta sake zaro takardar, ta haddace ta uku: "Pode escrever, por favor?" Ki rubuta mini.

Bayan azahar ta ce zare ya ƙare, ta sake sauka. Matar ta rubuta lambar a bayan wani kati, ta nuna ta, ta nuna mutanen da ke zaune a falon, kowa da wayarsa. Ashe lambar ta kowa ce.

Tana saka lambar, saƙonni suka fara shigowa. Kira goma sha bakwai. Ta danna saƙon murya na ƙarshe, na yayanta.

"Auta, Baba ya rasu ranar Litinin da safe, ba a kai ga aikin ba. Ya yi ta kiran sunanki. Mun faɗa wa Yaya Babba ta haɗa ku tun yana magana, ta ce kina wurin aiki."

Ba ta san lokacin da ta hau benen ba. Ta tarar da Yaya Babba tana gwada mayafi a gaban madubi. Ta kunna mata saƙon, ta ƙure ƙarar.

Yaya ko juyowa ba ta yi ba. "Allah ya ji ƙansa. Da na faɗa miki, dawo da shi za ki yi? Zama za ki yi kina kuka, riguna tara suna kallona. Ranar Asabar na yi niyyar sanar da ke, cikin natsuwa."

"Yana da rai aka kira ki."

"Ke, kada ki ɗaga mini murya. Ni na biya kuɗin jirginki."

Auta ta cire ma'aunin ɗinki daga wuyanta, ta jefa shi kan gado, kan riguna huɗun da ko hannu ba a saka musu ba. Ta fita, ta zauna a kan matakala, ta kira gida.

Bugu ɗaya aka ɗauka. Tana jin hayaniyar masu ta'aziyya, sai muryar mahaifiyarta, a dishe.

"Auta. Sai yanzu?"