Hannun Baba

Ranar da amai da gudawa suka kayar da Baba a gona, ni na ɗauko shi a babur zuwa ƙaramin asibitin Kurugu. Idanunsa sun faɗa, leɓensa ya bushe. Babban ma'aikacin, Malam Hammawa, ya tafi Karaye karɓo magani. Ba kowa sai Na'ima, matar yayana, wadda makarantar jinya ta turo koyon aiki.

Tana ganin wanda na shigo da shi ta durƙusa, ta sunkuyar da kai. Shekara biyu da aurenta, ba ta taɓa haɗa ido da Baba ba. Ko ruwa za ta ba shi, aike take yi.

Ta kira Malam Hammawa. Ina jiyo muryarsa ta waya: "Sa masa ruwa yanzu, kada ki jira ni. Kin iya."

Ta ja ni gefe. "Liti, wallahi ban iya ba. Da hannun roba na koyon aiki na saba. Sau biyu ina gwadawa a jikin mutum, sau biyu ana karɓe allurar. Kuma wai Baba!"

"Ke da kike cika mana baki a tsakar gida, likitar Kurugu?"

So na yi ta yi dariya, ba ta yi ba.

"Mu kai shi Karaye," in ji ta.

"Ba zai ƙara zaunuwa a babur ba. Da ƙyar muka iso."

Ashe Baba yana jin mu. A hankali ya cire hularsa, ya kifa a fuska, ya miƙo hannu. Muryarsa can ƙasa ya ce, "Liti, gaya wa ma'aikaciya ga hannu nan. Ba ta san mai shi ba."

Ta ɗaure damtsen, ta goge da auduga, ta daɗe tana laluben jijiya. Ta soka. Shiru, ba jini. Ta kalli ƙofa.

"Liti," in ji Baba daga ƙarƙashin hula, "gaya mata akwai ɗayan."

Ta zagaya, ta yi bisimilla, ta sake sokawa. Sai ga ɗan ja ya leƙo a gindin allurar. Ta liƙe, ta rataye ledar ruwan, ya fara ɗiga.

Baba ya ɗan motsa.

"Baba, kada a lanƙwasa hannun!" Da kanta ta faɗa, ba aike. Sai kuma ta toshe baki.

Hular ta ɗan girgiza. "To, Malama."