Murfin Bel da Busasshiyar Kuɓewa

"Baba, me ya sa ba ka sa wa inji murfi sai in baƙo zai zo?"

Raihana ce, 'yar shekara biyar, ta jefo tambayar a gaban jami'in duba injuna da ya zo daga Daura. Mahaifinta Harisu ya yi tari, ya hau gyaran hula. Matarsa Siddiƙa, da ta kawo masa kunu shagon niƙansa na Sandamu, ta danne dariya. Wata uku ke nan tana roƙonsa ya rufe bel ɗin da ke juya injin, tun ranar da ya fizge masa hannun riga, amma sai ya ce murfin yana ɓata masa lokaci. Har ma ya ba ta shi tana shanya kuɓewa a kai.

Jami'in ya shafa murfin, ya ɓamɓaro busasshiyar kuɓewa. "Malam Harisu, injin naka har miya yake yi?"

"Yallaɓai, a ɗaure shi tamau yau ɗin nan," in ji Siddiƙa. "Riga na iya ɗinkewa, hannu kuwa ban iya ba."

Kafin jami'in ya tafi, Harisu ya ɗaure murfin da noti huɗu.

Kai mai aiki da inji, kada ka kusanci bel a buɗe ko na minti ɗaya. Iyalinka suna so ka dawo gida da yatsunka goma.