Neman Kawu Bala a Waya

Wata uku ke nan Sharhabil yana aiki a wani ofis da ke Mando, har ƙafarsa ta fara ƙaiƙayi. Wannan ne aikinsa na huɗu tun da ya bar makaranta daga aji uku na sakandare. Ofishin na 'yan kwangila ne, suna yi wa wani kamfanin bincike na intanet aiki. Su goma sha biyu ne a ɗaki ɗaya, kowa da kwamfutarsa. A nuna maka abin da wani ya tambaya da Hausa, da amsar da injin ya ba shi, kai kuma ka ce ta dace ko ba ta dace ba. Haka daga safe har la'asar. Sharhabil kan tashi shan ruwa sau goma, ba don ƙishi ba.

Ranar Talata da azahar aka kira shi daga gida, wai Kaka Kaltume ta zo daga Rigachikun, ta ce ko ruwa ba za ta sha ba sai ta gan shi. Ya roƙi ogansa Nazifi awa ɗaya, ya tari Napep zuwa Unguwar Kanawa.

Ya same ta zaune a kan tabarma, ko mayafi ba ta cire ba.

"Amarya, kewata ce ta hana ki zama?"

"Wa zai yi kewar miji mai ƙafar yawo? Zauna."

Bai zauna ba, jingina ya yi da ƙofa.

"An ce mini a wurin aikinka ake nemo duk abin da ya ɓata."

"Akuyarki ce ta tsinke?"

"Ka nemo mini wancan."

Dariyar ta tsaya masa. Wancan shi ne Kawu Bala, ɗanta na fari, yayan marigayiya mahaifiyar Sharhabil. Shekara ashirin da shida ke nan da ya bar gida bayan sun saɓa da ubansa, ba wasiƙa ba aike. Sharhabil bai taɓa ganinsa ba, bai kuma taɓa jin Kaka ta tada maganarsa ba sai yau.

"Jikin nan kullum baya yake yi," in ji ta. "Ni dai in ji ko yana raye."

Ya ciro waya ya rubuta Bala Rigachikun. Aka kawo masa wani mai sayar da taki, da wani ɗan ƙwallo da bai wuce shekara ashirin ba.

"Kaka, duk wanda aka haifa ran Laraba Bala ne. Injin nan ɗan aike ne mara wayo, abin da kika ba shi shi zai kawo miki. Mene ne sunansa na yanka?"

Ta kalli bango.

"To, kada ki faɗa mini. Ga shi na danna, faɗa wa wayar, tana ji."

"Ɗan fari? A bakina? Kai fa ba ka da ta ido."

"Ba kowa a nan sai ni da ke!"

"Kai ba kowa ba ne? Ita ma abar ai kunne gare ta."

Ya fita tsakar gida, ya dawo. Ya duba agogo, ya sake fita. Duk wanda ya sani a dangi Bala yake cewa. Uwarsa da za ta iya faɗa masa tana ƙasa. Saƙon Nazifi ya shigo: saura minti ashirin.

"Kaka, wallahi tafiya zan yi."

Ta daɗe tana murza gefen tabarma. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Annabin nan da kifi ya haɗiye."

"Yunusa?"

Ta gyara mayafi. Ya rubuta.

"Sai sunan babansa. Mu Malam Ɗanasabe muka taso muka ji ana ce masa, amma ba shi Kawu zai saka a takarda ba."

"Yau na ga ta kaina. Har da na mai gidan?" Ta yi tsaki. "Wanda aka jefa a wuta ba ta ƙone shi ba."

Ya rubuta Yunusa Ibrahim, ya saka shi tsakanin alamun zance yadda aka koya masa a ofis, don injin ya kawo sunan a haɗe. Mutane suka zubo, da lauya da malami da ɗan takara.

"Sun yi yawa. A ƙara masa wani abu. Me ya iya?"

"Keken ɗinki. Tun yana ƙarami yake kwance mini nawa, in zo in tarar da ƙarafa a ƙasa."

Ya ƙara gyaran keken ɗinki. Babu. Sai ya yi tunanin in Kudu Kawu ya yi, da Turanci zai rubuta allon shagonsa. Ya juya sana'ar zuwa Turanci, ya haɗa da Rigachikun, ya shiga ɓangaren hotuna.

Na shida wani ƙaramin shago ne a Fatakwal. Ga suna a allo, ga lambar waya a ƙasa, ga wani mai furfura tsaye a bakin ƙofa da tsumma a kafaɗa. Sharhabil ya buɗe hoton da yatsu biyu, ya durƙusa ya nuna mata.

Kallo ɗaya ta yi, ta kawar da kai. "Kunnen ubansa ne."

Kiran Nazifi ya shigo. Ya katse, ya danna lambar da ke allon. Ta yi ƙara sau biyar kafin a ɗauka, ana jin hayaniyar kasuwa. Muryar ta yi sallama da Turanci, sannan da Hausa.

Kaka ta karɓi wayar da hannu biyu, ta juya wa Sharhabil baya.

"Mutanen Rigachikun ne," in ji ta.

Sai muryar can ta tambaya:

"Inna?"

"To. Kana nan ashe." Muryarta ƙalau, kamar jiya suka rabu. "Ina iyalin? Nawa ne yaran?"

Ta ɗaga hannu ɗaya ta kori Sharhabil waje.